Ƙyauren Garun Tama

Har yau in mutum ya daure ya hau dutsen nan, zai tarar da abin da ya rage na Garun Tama. Ganuwar duwatsu ta zube ta gefen arewa, kuka ta tsiro a tsakiyar inda fada take, rema na shan hantsi a kan soron da a da sai an tuɓe takalmi ake kusantarsa. Mafarauta kan ce wai aljanu ne suka kori mutanen garin. Ina jin haushin wannan magana duk sanda na ji ta, don babu wanda ya kori Tamawa. Mai son gaskiya ya je bakin ƙofar gabas ya dubi ƙasa. Akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai rami kamar turmi, ya yi sulɓi saboda guga. A nan ƙafar ƙyauren garin take juyawa, kuma a kan wannan ƙyaure aka yi abin da aka yi.

A wancan zamani, in sarki ya ci gari da yaƙi ba ya ƙone shi. Ƙyauren ƙofarsa yake cirewa, ya ɗora wa mutanen garin a ka su kai masa har birninsa, ya kafa inda kowa zai gani. Garin da aka raba da ƙyaurensa kuwa ba shi da ikon sa wani ƙyauren. Haka zai zauna baki buɗe, barorin mai nasara su shigo sanda suka ga dama, su fasa rumbu, su zaɓi samarin da suka yi musu su tasa ƙeyarsu. Sarkin Tsabre Mayau ya tara ƙyamare irin waɗannan har ya rasa bangon da zai jingina su, amma na Garun Tama ne ya tsaya masa a rai. Na itacen ƙirya ne, an lulluɓe shi da fallayen ƙarfe tun daga sama har ƙasa, sai ƙarti sun taru suke iya tura shi.

Wata rana Mayau ya tara masu zaɓen sarki a ƙofar fadarsa, ya dafa tambari, ya rantse cewa ƙafarsa ba za ta sake taka cikin Tsabre ba sai ƙyauren Garun Tama yana gabansa. Maroƙa suka ɗauki kirari, dattawa kuwa suka sunkuyar da kai, domin a Tsabre rantsuwar tambari ba ta da kaffara. Da bazara ya zo ya kafa sansani a gindin dutsen ta gabas, inda hanya ɗaya tak ta miƙe zuwa ƙofa, ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. A saman dutsen tafki ɗaya ne Tamawa suke sha, kuma kullum rana tana rage shi.

Sarkin Garun Tama a lokacin Ranau ne, tsoho mai ƙarancin magana. Ranar da jakadan Mayau ya hau, aka tara majalisa. Galadima Hankurau yana dama, Sarkin Maƙera Nomau da Sarkin Baka suna hagu, Magajiya Shekara kuma, yayar Sarki, tana zaune a kan buzunta kusa da ginshiƙi.

Jakada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ubangijina Sarkin Tsabre ya ce in gaishe ka, in gaya maka ba ya son jinin ko akuyar Tamawa. Ƙyaure yake so. A cire shi lafiya, mutanenka su ɗauka su raka shi gida. Rawaninka yana kanka, gonakinku suna hannunku. In kuwa aka ƙi, ya ce yana da haƙurin da ya fi tafkinku zurfi."

Sarki ya juya ya dubi Galadima.

Galadima ya gyara zama ya ce, "Zaki, ni ba matsoraci ba ne, tabon mashi yana nan a cinyata. Amma jiya na je bakin tafki, na ga mata suna tace laka da gefen zane. Yaran da za su mutu da ƙishirwa ba su san abin da ake kira ƙyaure ba. Itace ne da ƙarfe. Garuruwa nawa suka ba da nasu, ga su nan suna noma suna aure? A ba shi, mu rayu."

Sarkin Baka ya zabura ya ce shi dai da ya ga ranar gara a binne shi da kwarinsa. Fadawa suka ɗau hayaniya, wasu na bayan wannan, wasu na bayan wancan, har sai da Magajiya ta buga sandarta a ƙasa.

Ta ce, "Galadima, maganarka ta yara gaskiya ce, ni ma na ga lakar. Amma tunda muka zauna ina kallon babbar rigar nan taka. Wannan baƙin rini mai ƙyalli, a Garun Tama babu karofin da ke fitar da shi. Na Tsabre ne. Kuma jakadan nan da ya shigo gari, gidanka ya fara shiga ya sha ruwa, alhali ƙofar fada tana kallonsa. Faɗa wa majalisa, me aka ce za a naɗa ka?"

Galadima ya kau da kai. Jakada kuwa ya sa ido a kan yatsun ƙafarsa kamar yau ya fara ganinsu.

Sarki Ranau ya ce, "Ba sai ka amsa ba, Hankurau. Tare muka yi wasan ƙasa da kai, ba zan zubar da jininka ba. Tashi ka bi baƙonka. Kai kuma jakada, ka gaya wa Mayau na ji gaisuwarsa. Ka ce masa Ranau ya ce ubansa bai gada masa ɗaukar kaya a ka ba, shi ma ba zai gadar wa 'ya'yansa ba."

Aka buɗe ƙyauren kaɗan, mutum biyun suka fita, aka mayar aka rufe. A sansani Mayau ya karɓi Galadima hannu biyu-biyu, ya tambaye shi sirrin garin. Galadima ya ce kada a yi gaggawa, ruwa ya kusa ƙarewa, da kansu za su sauko. Sarkin Yaƙin Tsabre ya tambaya ko akwai wata mafita ta baya da ya kamata a tsare.

Galadima ya yi dariya ya ce, "Akwai wata tsaga ta yamma, hanyar birai muke kiranta, da rarrafe ake binta. Amma kada ku ɓata dakarunku a can. Ƙyauren ba zai bi ta nan ba ko da an yi shekara ana turawa, Tamawa kuwa ba sa tafiya su bar ƙyaurensu. Inda yake nan suke."

Maganar ta yi wa Mayau daɗi. Ya ba da umarni kada wanda ya harba kibiyar wuta wajen ƙofar, kada wanda ya kusance ta da gatari ko gungume, domin yana son kayansa ba ko ƙwarzane. Sai dakarun Tsabre suka zauna a inuwa suna jiran ƙishirwa ta yi musu yaƙi.

Ana nan, wata safiya shamuwa suka iso. Tun kafuwar garin, duk shekara a kan tsamiyar ƙofar fada suke sauka su yi sheƙa, kuma saukarsu ita ke gaya wa manomi ya gyara iri. A wannan shekara suka kewaya tsamiyar, suka kewaya, suka ƙi sauka, suka miƙe yamma. Mata suka ɗora hannu a ka. Sarki ya sake tara majalisa, kowa ya shigo jiki a sanyaye, ban da Magajiya.

Ta ce, "Me kuke wa kuka? Tsuntsayen nan abu biyu suka gaya mana. Damina ta kusa, kuma bana ba a nan za a yi ta ba. Nomau, kai ne Sarkin Maƙera, tuna wa yaran nan da me aka yi ƙarfen ƙyaurenmu."

Nomau ya ce, "Ranki ya daɗe, da fartanya. Da kakanni suka hau dutsen nan suna gudun mahara, kowane gida ya kawo fartanyarsa ɗaya, aka buge ta ta zama falle, aka kafa a jikin itacen. Har yau kowane gida ya san fallensa, shi ya sa amarya take shafa na gidan mijinta ranar da aka kawo ta."

"To, aro muka ba ƙofa," in ji Magajiya. "Lokacin karɓa ya yi. A cire fallayen, a mayar da su fartanya, kowane gida ya ɗauki tasa. Itacen kuma ƙirya ne, babu gawayin da ya fi nasa a wurin maƙeri. Ƙyauren da ba ya bin hanyar birai a tsaye, zai bi ta a kafaɗun mutane."

Nomau ya tashi tsaye. Ya ce, "Magajiya, kin san abin da kike faɗa? Garin da ya cire ƙyaurensa da hannunsa ya kashe kansa. Ba a sake naɗa sarki a cikinsa, ba a sake binne cibiya. Kakana ne ya buga ƙusoshin nan. Ni za a ce in zare su?"

"Na sani," in ji ta. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "A nan aka binne uwata da 'ya'yana biyu. Kana tsammani da sauƙi nake faɗa? Amma zaɓi ɗaya za mu yi. Ko garin ya mutu mutanen su tafi da kansu a sama, ko garin ya rayu jikokinmu su riƙa ɓuya a rumbu duk sanda suka ji takun baƙo."

Dukansu suka dubi Sarki. Ya daɗe yana kallon rufin zauren da kakanninsa suka yi mulki a ƙarƙashinsa, kuma wanda duk ya ga fuskarsa a ranar ya san zuciyarsa ta karye. Sai ya ce, "Nomau, hura wuta."

Da farko suka tara duwatsu a bakin ƙofar ta ciki. Sannan suka haɗa manyan kiragan shanu, wato jemammun fatu, suka ɗinke, suka shafe da baƙin gawayi da mai, suka ɗaure a gaban ƙyauren ta waje ranar da hadari ya rufe dutsen har ba a ganin sama daga ƙasa. Da gari ya washe, mai kallo daga sansani baƙin abu yake hangowa yana ƙyalli a inda ya saba ganinsa. Aka cire ƙyauren aka kwantar da shi a filin kasuwa, aka cike gurbinsa da duwatsun. Kowane maigida ya zo ya nuna fallensa, maƙera suka zare ƙusoshi, aka faskara itacen aka yi gawayi. Zugazugai suka kama huci, masaba ta kama sauka a kan uwar maƙera tun daga hantsi har rana ta yi sanyi.

Ƙarar tana kaiwa har sansani. Mayau ya tambayi Galadima me ake ƙerawa haka.

"Kibau ne, ranka ya daɗe," in ji Galadima. "Mai jin ƙishirwa ba ya iya jan baka. Bar su su gaji."

Gida-gida Tamawa suka riƙa bin hanyar birai. Aka ɗaura wa tsofaffi igiya a ƙugu, aka goya yara, aka rataya iri a wuya, kowane maigida da sabuwar fartanya a kafaɗa, ko ƙota ba a sa mata ba. Magajiya ce ta ƙarshe a cikin mata. Ta tsaya a bakin tsagar tana jiran ƙanenta, sai ta ga ya zo ba kaya, ya sa sulkensa.

Ta ce, "Ranau, me ke nan?"

Ya ce, "Yaya, in suka daina ganin hayaƙi da kawuna a kan ganuwa, za su gane, dawakinsu kuwa za su cim muku kafin ku haye gulbi. Ni da Sarkin Baka da waɗanda suka ce sun yarda za mu tsaya. Ban da haka ma, ke kika ce ba a sake naɗa sarki a nan. To na ƙarshen bai kamata a gan shi yana rarrafe a hanyar birai ba."

Ta ɗaga hannu kamar za ta make shi yadda take yi suna yara, sai ta kama gefen rawaninsa ta gyara masa. Ya miƙa mata fartanyar gidan sarauta ya ce ta ba babban ɗansa. Ba ta yi masa sallama ba, ta juya ta shiga tsagar.

Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, mai yawa. Dakarun Mayau manoma ne kafin su zama dakaru, da suka shaƙi ƙamshin ƙasa sai hankalinsu ya koma gida. Gunaguni ya cika sansani. Tafkin da ake jiran ƙafewarsa kuwa ya cika har yana tumbatsa. Mayau ya harari Galadima, ya sa aka buga gangar yaƙi.

Da hantsi suka fara hawa, garkuwa a kan kai, ɗaya bayan ɗaya don hanyar ba ta ɗaukar biyu. Tamawan da suka rage ba su da yawa, amma dutsen nasu ne. Suka riƙa gangaro da duwatsu, kowane dutse ya share na gaba ya haɗa da na bayansa. Sarkin Baka yana tsugune a kan soron ƙofa yana zaɓen masu jan gaba, yana kiran sunan gidajen Tamawa ɗaya-ɗaya duk sanda ya saki kibiya. Tsabrawa suka ja da baya, Sarkin Yaƙinsu ya koro su da bulala, suka sake hawa a kan gawarwakin 'yan'uwansu, jini da ruwan sama suna sa ƙafa santsi. Har a lokacin Mayau yana daga ƙasa yana ihu, "Ku kula da ƙyauren! Wanda ya ƙwarzane shi zan yanke masa hannu!"

Da rana ta karkata kibau suka ƙare a sama, duwatsun da aka tara ma suka ƙare. Sarkin Baka ya faɗi da mashi a ƙirji. Tsabrawa suka kafa tsani suka haura ganuwa, aka yi ta sara a cikin lunguna har ƙarar ta mutu. Sannan aka share hanya, Mayau ya hau da ƙafarsa, Galadima na biye da shi, maroƙa na zuba kirari. Ya tsaya a gaban baƙin abin nan da ya yi wata da watanni yana hange. Ya miƙa hannu ya shafa, sai abin ya lotsa. Ya zare wuƙa ya tsaga, fata ta rabu biyu, duwatsu suka bayyana a bayanta.

Maroƙa suka yi shiru a tsakiyar kirari.

Da aka kwashe duwatsun, suka tarar da Sarki Ranau zaune a kan dutsen nan mai rami, ya jingina da bango, kibiya a haƙarƙarinsa, takobi a kan cinya. Bayansa gari ne fayau, ba kaza ba akuya, sai tulin toka a filin kasuwa.

Mayau ya ce, "Ina ƙyauren?"

Ranau ya ce, "Sannu da zuwa, Sarkin Tsabre. Ka sha hanya. Itacen ga tokarsa can, ɗebi yadda kake so. Ƙarfen kuwa ya tafi gona. Yanzu haka yana hayin gulbi, a hannun masu shi."

"Zan bi su in karɓe fartanyar ɗaya-ɗaya!"

"Gulbi ya kawo, ba doki mai haye shi sai kaka. In ma ka tara su, kai ka san abin da ka dafa tambari ka faɗa. Ka kai wa dattawan Tsabre kwandon fartanya ka ce musu ga ƙyaure, ka ji abin da za su ce maka."

Mayau ya ɗaga takobi. Ranau ya dube shi ba ko ƙiftawa, ya ce, "Sara mana, ka rage mini jira. Ni dai yau a gidan ubana zan kwana. Kai fa?"

Takobin bai sauka ba. Nan take kan tsohon ya langaɓe a kafaɗarsa.

Suna nan tsaye sai ga manzo daga Tsabre, ya hau dutsen yana haki, laka har gwiwa. A al'adar Tsabre babu mai jefa iri a ƙasa sai sarki ya fara jefa nasa a gandun sarauta, ga shi ruwa ya sauka, ƙasa ba ta jiran kowa. Manzon ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Masu zaɓen sarki sun ce in tambaya, ƙyaure ya samu? In ya samu, ka taho yau, talakawa suna riƙe da iri. In bai samu ba, sun ce rantsuwarka tana kanka, Yarima ƙanenka zai jefa irin bana."

Kowa a wurin ya san wanda ya jefa iri shi ake buga wa tambari. Manzon ya ɗaga kai ya dubi tsagaggiyar fatar da ke lilo a bakin ƙofa, bai sake tambaya ba. Ya tashi ya juya. Sarkin Yaƙi ya bi bayansa, wai zai raka shi gindin dutse. Dakaru suka fara zamewa biyu-biyu, uku-uku, kowa yana tuna gonarsa, maroƙa ma suka rataya gangunansu suka bi sahu. Kafin rana ta faɗi, waɗanda suka rage tare da Mayau ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Wani hadarin ya taso daga gabas, iska ta shigo ta ƙofar tana kwasar tokar kasuwa tana watsa musu a fuska. Mayau ya zauna a ƙasa kusa da gawar Ranau. Can ya ɗaga ido ya ga Galadima Hankurau a raɓe jikin bango, cikin babbar rigarsa mai ƙyalli.

Ya ce, "Galadima, na yi maka alkawarin sarautar Garun Tama, ga ta nan na ba ka. Ni ma ga shi na zama baƙonka, ba ni da inda za ni. Ruwa zai sauko. Tashi ka rufe mana ƙofa."